Rawar Kyandir da Na Katse a Sebu

Nukkai, Jalingo

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya tsare motar da za ta kai ki Abuja, ya tsare jirgin da zai ɗauke ki ya ƙetare tekun da ni kaina na taɓa ƙetarewa, ya sauke ki ƙasar Filifin lafiya.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a ƙarƙashin ƙofarki alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu. Mako uku ke nan babu abin da ke haɗa mu sai "Ina kwana, Baba" da "Lafiya lau." Ranar Alhamis za ki tafi karatun jinya, kuma akwai maganar da dole ki ji kafin ki hau mota. In na fara ta da baki za mu koma gardama, ni da ke kuwa mun iya gardama fiye da yadda take da amfani. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Na gaya miki cewa gidan da za ki zauna a birnin Sebu na tsofaffin abokaina ne, Luz da mahaifiyarta, wadda kowa yake kira Nanay, wato Mama. Ban yi ƙarya ba, amma rabin maganar na faɗa. Na yi wa tsohuwar nan laifi a gaban jama'a kafin a haife ki. Duk da haka ta yarda ta karɓe ki, ta roƙi abu ɗaya tak: Juma'ar farko bayan isarki za ta kai ki ƙofar tsohon cocin garin, ki tsaya a gabanta, ta yi miki addu'a da rawa da kyandir a hannu, irin yadda suke yi a can. Na ce mata "to" ban tambaye ki ba. Na ce "to" a madadin yarinyar da ta ɗauke siffar Maryamu daga falonmu ta naɗe a zane ta sa a kwali. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Ina tsoron ki isa ƙofar cocin nan ba ki san komai ba, ki yi abin da na yi.

Bari in fara daga nesa, domin laifin bai fara a Sebu ba.

Kakanki ba ki san shi ba sai a hoto. Manomin doya ne a ƙauyenmu ta wajen Zing, kuma a zamaninsa babu wanda ya kai shi rawa. Da furfurarsa ya yi baftisma, a wurina ya koyi addu'o'i. Shi da kansa ya fito da tukwanen tsafinsa ya farfasa, ban tilasta masa ba. Ranar godiyar girbi ta farko bayan baftismarsa, ya ɗauko doyar da ta fi kowace girma a gonarsa, ya taho da ita zuwa bagade yana rawa, da irin takun da yake yi a da a gindin dutse. Ni kuma sabon katikis ne mai koyar da addini a cocin, shekarata ashirin da huɗu, farar rigata ta sha guga. Na tare shi a tsakiyar coci na ce masa a kunne, "Baba, wannan takun na can ne, ba na nan ba."

Ya tsaya cak. Ya dube ni ya ce, "To wane taku Yesu yake so? Nuna mini, Malam."

Ya ajiye doyar a ƙasa, a wurin da na tare shi, ya koma ya zauna. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa sujadar Mas bai taɓa fashi ba, amma bai ƙara ɗaga ƙafa ba har muka binne shi. A lokacin ina ganin na tsare gidan Allah. Saratu, in kin ga mutum yana yin ibada da jikinsa ta hanyar da ba ki saba ba, ki fara neman sanin wa yake yi wa. Ni kamannin takun na duba, ban duba inda doyar ta nufa ba.

Da wannan halin na tafi Sebu, lokacin da coci ta tura ni kwas na wata shida kan koyar da matasa. Mamanki tana da cikinki wata biyu, bayan ciki biyu da suka zube. Ɗakunan kwanan makaranta sun cika, sai aka sauke ni a gidan Nanay. 'Yar gajeriyar mace ce, kanta bai kai kafaɗata ba. Da na shiga ta miƙo mini hannu, bayan hannun yana sama. Na kama na girgiza kamar na gamu da hedimasta. Duk gidan aka fashe da dariya. Luz, wadda take fassara mana, ta ce a wurinsu ƙarami yakan ɗauki hannun babba ya taɓa goshinsa da shi, neman albarka ke nan. Maimakon in yi, sai na ce, "Goshina Allah kaɗai yake sunkuya wa."

Ni da nake durƙusa wa surukaina har ƙasa! Luz ta fassara a hankali. Nanay ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Gaya masa na gane. Dogo ne, kafin ya sauko an gama cin abinci."

In ta miƙo miki hannu, ki ɗauka ki kai goshinki. Durƙuson da kike yi wa Mamanki ne, wuri kawai ya sake.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa na kasance haka, kuma ina ganin Jalingo tana da hannu a ciki. Mu Katolika a nan mun tashi muna ba da amsa. Kin san Alhaji Sabo tela na Yelwa, wanda ya ɗinka miki kayan makaranta tun daga firamare. Shekara talatin ban shiga shagonsa ba sai ya ce, "Malam Dominik, yaya mutanenka na siminti? Sun karya kumallo?" Siffofin cocinmu yake nufi. Ni kuma in ce, "Suna azumi, Alhaji, sun fi ka juriya." Mu yi dariya, ya sa a kawo mini shayi. Wasa ne, kuma mutumin kirki ne, amma 'yan'uwanmu na wasu coci-coci sukan yi tambayar ba da wasa ba. Saboda haka muka koyi yin ibada muna waige, muna shirya amsa tun kafin a tambaya.

A Sebu babu mai tambaya. Siffar Yesu yana yaro, da jar alkyabba da kambi, tana gaban direban motar haya, tana kan kantar mai shago, tana cikin kowane falo. Ana yin Mas har a cikin manyan kantuna, mutane da ledojin cefane a gefen ƙafa. Tsohon cocin da nake gaya miki na dutse ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. A ciki akwai wata 'yar siffar Yaro Yesu a bayan gilashi, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba. Mutane sukan yi layi mai tsawo cikin rana don su taɓa gilashin, wasu su goga hankici su kai wa mara lafiya a gida. Za ki ga tsohuwa tana tafiya da gwiwa daga ƙofa har bagade. Ranar Juma'a coci ba ya ɗaukar jama'a, a fili ake yin Mas, ana gama wata a fara wata. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da na ga bai yi daidai ba. An tura ni koyo, na mai da kaina sufeto.

Nanay takan fita kowace safiya da jaka a hannu. Wata huɗu ina cin shinkafarta ban taɓa tambayar inda take zuwa ba.

Wata ranar Alhamis da rana na buga waya shagon da ake kira mini Mamanki, lokacin muna haya a Mayo Gwoi. Mai shagon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, tun jiya an kai madam asibiti. Jini ne." Cikinki wata shida ke nan. Na koma gida na kasa cin abinci, Luz ta tambaye ni, na faɗa. Washegari da safe Nanay ta ce in biyo ta, Luz ma ta raka mu.

A ƙofar cocin akwai mata masu jan siket da rigar ruwan ɗorawa, kowace da damin siraran kyandir masu launi-launi. Mutum yakan zo ya faɗa wa ɗayarsu sunan wanda yake so a roƙa wa, ita kuma ta fuskanci coci, ta ɗaga kyandir, ta yi taku biyu gaba, ɗaya baya, tana rera addu'a tana sa sunan a ciki. Na sha wuce su, suna cikin littafina tun makon farko. Ranar nan Nanay ta buɗe jakarta ta fito da nata jan siket ta ɗora a kan kayanta. Sana'arta ke nan. Da ita ta ciyar da Luz, da ita take ciyar da ni.

Ta ce, "Sunan matarka?"

Na ce, "Rahila."

"Na cikin fa?"

Na ce ba mu sa suna sai an haihu. Ta ce, "Ba komai, Shi ya sani." Ta zaɓi kyandir biyar, ta juya ta fara.

Ban san yarensu ba. Abin da na ji kawai shi ne "Rahila, Rahila" yana fitowa daga cikin waƙa, a bakin tsohuwa mai rawa da abu a hannu. Nan take na ga tsofaffin matan ƙauyenmu a gaban tukwane suna kiran sunan majinyaci. Tsoro ya kama ni, na ce a raina in cikin nan ya zube ni na jawo. Na kama wuyan hannunta. Kyandir suka warwatse a ƙasa. Na ɗaga murya da Turanci yadda kowa zai ji, na ce, "Ban kawo sunan matata wurin tsafi ba! Mu a ƙasarmu mun fasa tukwane mun bar wannan!"

Sauran matan suka daina rawa. Masu layi suka juyo. Mai gadin ƙofa ya taho yana tambayar Luz ko ya kore ni ne. Nanay ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta tsince kyandir ɗin ɗaya bayan ɗaya, biyu sun karye, ta sa su cikin jaka. Ta yi wata gajeriyar magana. Luz ta ƙi fassara mini sai da muka isa gida na matsa mata, sannan ta ce, "Cewa ta yi saura rabi."

Na ba wani tsohon Fada, limamin cocin da yake koyar da mu, labarin, ina jiran yabo. Ya ce, "Bayan sunan matarka, sunan wa ta kira?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Yesu ta kira. Akwai abubuwa a ƙofar can da ni ma nake gyarawa, shekara arba'in ke nan, kuma ban gama ba. Amma ni nakan bari a kai ƙarshen jimla." Na fita ina jin haushinsa.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Za ki ga abubuwan da ba za su kwanta miki ba, wasu ma kina da gaskiya a kansu. Ki tambaya a gida, a zaune, bayan an ci abinci. Kada ki gyara mutum a gaban abokan sana'arsa. Nanay ta koma ƙofar nan washegari, a cikin matan da suka ga baƙon da take ciyarwa ya kira ta matsafiya. Ban taɓa tunanin yadda ta tsaya a cikinsu ba sai bayan shekaru.

Kwana biyu bayan haka na kwashe kayana na koma makaranta inda aka samo mini gado, na ce gidan ya yi nisa. Mamanki ta samu sauƙi, jinin ya tsaya, na ɗauka shaida ce cewa na yi daidai. Na dawo Jalingo, aka haife ki, ban rubuta musu ko layi ɗaya ba. Da farko girman kai ne. Daga baya, da na gane, kunya ce, kuma kowace shekara kunyar tana ƙara nauyi har ta zama dalilin ƙara jira. Shekara ashirin da uku. Wannan ya fi kama hannun muni, domin kama hannun na minti ɗaya ne cikin tsoro, shirun kuwa da hankalina na yi shi. In kin ɓata wa wani a can, kuma za ki ɓata, baƙo ba ya rasa yi, ki nemi gafara a makon. Kada ki jira sai kin tsara kalmomi masu kyau.

Da takardar makarantarki ta fito muka ga Sebu ce, Mamanki ta ce, "Yanzu sai ka nemi mutanen nan, ko ka nema ko in nema." Na samu Luz a waya, ta haɗa ni da Nanay muna ganin juna. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari, ta daina zuwa ƙofar coci, kuma Luz ta ce zuciyarta ba ta da ƙarfi. Na fara jawabin neman gafarar da na kwana biyu ina shiryawa, ta katse ni.

"Na cikin ya rayu?"

Na ce, "Ta rayu, Nanay. Mace ce. Sunanta..."

Ta ɗaga hannu. "Kada ka faɗa. Luz ma na hana ta. Ta zo ta faɗa mini da bakinta a wurin." Sai ta sa Luz ta buɗe wani gwangwanin biskit ta nuna mini. Kyandir biyar ne a ciki, zafi ya lanƙwasa su, biyu a karye. A nan ne na ce "to."

Yanzu maganar ni da ke. Ranar da kika dawo daga taron addu'arku kika sauke siffar Maryamu, na yi miki ihu har maƙwabta suka leƙo. Kika ce, "Baba, ba kai ka koya mini in tambayi kowane abu a ina aka rubuta shi ba?" Ni ne. Ni na koya miki, kuma ina alfahari da kanki fiye da duk ɗaliban da suka bi ta hannuna. Amma me na yi? Na kama wuyan hannunki na fizge kwalin. Sai da na shiga ɗaki na ga hannun nan dai ne, karo na uku: kakanki, Nanay, ke. Kowane karo ina da tabbacin Allah nake karewa. Ki yafe mini. Maganar siffa za mu yi ta, da Littafi a buɗe, ke ki kawo naki ni in kawo nawa, ko ta waya ce. Ba ita ce ta sa ni rubutu ba.

Ban roƙe ki ki gaskata abin da Nanay ta gaskata ba. Ba ni da ikon sayar da lamirinki don in biya laifina, kuma "to" ɗin da na faɗa ba ta ɗaure ki ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki gaya mini kafin Alhamis. Ni zan kira Luz in faɗa wa tsohuwar da bakina, in sha kunyata, mu nema miki ɗaki a makaranta. In kuma sai kin isa kin gan ta zuciyarki ta ƙi, ki faɗa mata a gida, a zaune kusa da ita. Za ta ji zafi, amma ta ɗauki wanda ya fi wannan. Abu ɗaya ne nake roƙonki da shi har ƙasa: kada ki yi shiru don kunya, ki bi ta har ƙofar coci, ta ɗaga kyandir, sannan a tsakiya ki ja da baya. Mace ce mai ciwon zuciya da ta ajiye rabin addu'a shekara ashirin da uku. In kin tsaya, ki tsaya har ta sauke hannu. Ba ya kai lokacin tafasa ruwan shayi. Kina iya rufe ido ki yi taki addu'ar da Hausa, kai tsaye ga Yesu, babu wanda zai hana ki.

Na karanta wa Mamanki abin da na rubuta, ta ce in ƙara nata, kuma kada in gyara mata. Ga shi: "Ki gaya wa kanki ni aka kira sunana a can, ba babanki ba. Ina kwance jini yana zuba, da an tambaye ni da na ce a ci gaba. Mai kira mini Yesu da baki ya kira, mai kira da ƙafa ya kira. Amma ke ki yi abin da za ki iya kwana da shi." Ta kuma ce yajin da ta daka yana cikin jakar baya, kada ki ba kowa ya ɗanɗana ba ki gargaɗe shi ba.

Sauran abubuwan za ki koya da kanki. Shinkafa ce safe, rana da yamma, za ki yi mafarkin doya. Yara za su so taɓa gashinki, ba raini ba ne. Duk cocin da kika zaɓa, ki je ranar Lahadi, ki zauna cikin mutanen garin, kada ki tsaya wurin 'yan Najeriya kaɗai. Kuma in za ki sayi ƙaramin littafi, ki rubuta tambayoyi a ciki.

Gobe in na dawo daga makaranta zan zauna a gindin mangwaro har a kira magariba. In amsarki a'a ce, ki zo ki faɗa mini, na yi alkawari hannuwana za su zauna a kan gwiwata. In ba ki yanke ba tukuna, ki zo mu zauna haka nan. In kuwa kin kai ƙofar can kin tsaya, za ta tambaye ki sunanki. Ki matsa kusa ki faɗa da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi.

Allah ya raka ki, ya kāre ki a hanya da masauki, ya ba ki hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, wanda ya fi na ubanki. Ya ja kwanan Nanay har ki isa. Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne babanki,
Dominik